Soket Mai Kunnen Akuya

Sau biyu ke nan fitila tana mutuwa
ina tsakiyar dam ɗin Daberam,
raga na ruwa, igiya a hannuna,
duhu ya rufo kamar an kifa mini masaki.
Batir da ransa. Ƙwan fitila da ransa.
Ɗan bakin da ke haɗa su ne ya ci amana.

Da gari ya waye na ɓalle shi da wuƙar gyaran kifi,
na tarar cikinsa ya yi kore shar
kamar gansakuka a gindin randa.
Na jefa shi aljihu, na hau mashin sai Daura.

Mannir yana tsugune a bakin shagonsa,
dalma na narkewa, hayaƙi na shiga masa ido.
Ya juya abin a tafin hannu, ya yi tsaki.
Ya ce, Ilu, wannan ai na kunna sigari ne,
na cikin mota, inda ruwa ba ya zuwa.
Can ma, in aka shiga gargada, zamewa yake.
Kai kuma ka kai shi unguwar kwaɗi.

Na hango wani fari tas, mai ƙafa uku,
irin na bangon masallacinmu.
Na ce, ba ni wancan, ya fi kyan gani.
Ya ce, kul.
Wutarka sha biyu ce, ta batir, mai ladabi.
Wancan na wutar gida ne, ɗari biyu da ɗoriya.
Ranar da ɗanka ya ga ƙafafu sun dace da rami
ya soka fitilarka a bango,
ƙauri kaɗai za ka gada.
Ƙwarya ta bi ƙwarya.

Sai ya laluba ƙasan kwali
ya zaro wani baƙi, mummuna,
murfin roba na lilo a gefensa kamar kunnen akuya.
Haƙoransa biyu na tagulla,
ɗaya kakkaura, ɗaya siriri,
ko a duhu ba ya shiga a juye.
Ya soka fulogin, ya murɗa, sai ƙyas.
Ya ce, ja mu gani.
Na ja da hannun da ke jawo ragon ruwa.
Ko gezau.

Kuɗinsa kuwa, kwandon tarwaɗa guda.
Na taya rabi, ya ce albarka.
Na fita, na kai har wurin mai rake,
na tsaya ina lissafin dare biyun nan,
da ragar da na yanke don ban ga inda ta sarƙe ba.
Na dawo ban ce komai ba.
Shi ma bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

Yana ƙirga canji yana karanto mini:
jar waya ga alamar tarawa, baƙa ga ɗayan,
kada ka sa siririya, zafi take yi.
Fis kusa da batir, tazarar taki ɗaya.
Ka kafa shi sama, bakinsa na kallon ƙasa,
ka shafa masa giris,
in ba ka aiki da shi ka rufe kunnen.
Na ce, ko amarya ba ta zo da wannan dokar ba.

Daren jiya iska ta taso daga gabas,
ruwa na marin kwale-kwale, yana fantsamo mini har wuya.
Na yi ta satar kallon fitilar
kamar mai bin bashi.
Ba ta ko ƙifta ba.
Da asuba ma wayar Hurera ta sha caji ta ƙoshi.

Tsohon kuwa ban yar da shi ba.
Na ɗaure shi a gindin raga
inda dalma ɗaya ta ɓace tun bara.
Yana nutsewa da kyau.